Wa Ya Cinye Tsibirin, Maciji Ko Ɓera?

Da za a tara mutum ɗari a dandali, a ajiye musu maciji a gefe guda da ɓera a gefe guda, a ce su zaɓi wanda za a kashe a bar ɗaya, na tabbata casa'in da tara sanda za su rarumo su yi kan macijin, cikon na ɗarin ma ba tausayi ne zai hana shi ba, ƙafa ce za ta ƙi ɗaukarsa. Ba na ganin laifinsu. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, mu kuwa ko bai sare mu ba ya sari wani namu, ko mun tashi da labarin wanda ya sara. Duk da haka ra'ayina ya saɓa wa na mutum casa'in da taran nan. Ni a ganina, kafin a ɗaga sanda kamata ya yi a samu wanda zai zauna ya duba, ya ƙirga, ya rubuta. Mutanen nan da ake yi wa dariya, masu kwana a tsibiri da fitila da ɗan littafi suna auna tsawon maciji, suna ƙirga kashin ɓera da 'ya'yan itatuwa, waɗanda muke cewa ƙoshi ne ya yi musu yawa, aikinsu ya fi na mai sanda amfani nesa ba kusa ba. Hujjata tana cikin labarin tsibirai biyu, ɗaya maciji aka zalunta a cikinsa, ɗaya kuwa macijin ne azzalumi.

Mu fara da Antiguwa, wani tsibiri da ke yankin Karebiyan, can tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu. Turawan Ingila sun mayar da shi gonar rake tun ƙarni na 17, da gumin bayin da suka kwaso daga Afirka. Jiragen ruwan da suka kawo mutane da kaya su ne suka kawo baƙin ɓera, wanda ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya lura da saukarsa. An ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙon dai ya zo ya kafa gida, ya hayayyafa, ya shiga gonakin rake yana ɓarna. Haka abin yake a kusan dukkan tsibiran yankin. A shekarar 1872 wani mai gonar rake a Jamaika, W. Bancroft Espeut, ya sa aka kawo masa tunku guda tara daga Indiya ya sake su a gonarsa domin su cinye ɓeraye. Da farko an ga kamar dabara ta yi, ɓarnar rake ta ragu, labari ya bazu, masu gonaki a sauran tsibirai suka dinga aikowa a ba su iri. Kafin ƙarnin ya ƙare tunku ya sauka a Antiguwa.

Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, tunkun nan da rana yake yawo, baƙin ɓera kuwa da dare yake fita, ga shi gwanin hawan bishiya, abin da tunkun bai iya sosai ba. Wato an ɗauko maigadin rana an ce ya kama ɓarawon dare. Tunku ya duba ya ga abinci mai sauƙi birjik a ƙasa: ƙadangaru, ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, kajin talakawa, da wani maciji ɗan asalin tsibirin da masana ke kira Alsophis antiguae. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɓera yana nan daram, macijin kuwa ya yi ta raguwa har a 1936 aka rubuta cewa ya ƙare a duniya baki ɗaya.

Bari in ɗan kwatanta macijin, domin kada mai karatu ya hango kumurci. Tsawonsa da ƙyar yake kai mita ɗaya, matan sun fi mazan girma, launinsu toka-toka mai haske da ɗigon ruwan ƙasa, mazan kuwa sun fi duhu. Ba ya da dafin da zai cutar da mutum, ba shi da faɗa, abincinsa ƙananan ƙadangaru ne, yakan kwanta cikin busasshen ganye ya fito da kai kawai yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Da a ce an tambayi manoman raken nan, ba ɗaya da zai ce ga ɓarnar da ya taɓa yi masa.

Ashe bai ƙare ba. Daga gaɓar arewa maso gabashin Antiguwa akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Great Bird, wato Babban Tsibirin Tsuntsaye, sunan ne kawai babba, domin faɗinsa hekta 8 ne da 'yan kai, kamar filin ƙwallo goma sha biyu. Tunku bai taɓa tsallakawa can ba. Wani ɗan ƙasar masanin daji, Kevel Lindsay, yana cikin waɗanda suka ja hankalin duniya cewa macijin yana nan a raye a wurin. A 1995 wata masaniyar macizai 'yar Ingila, Jenny Daltry, ta je da abokan aikinta domin su ƙirga. To a nan ne nake so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, domin wannan shi ne aikin da nake karewa.

Ta yaya ake ƙirga abin da ke ɓuya? Ba layi zai yi maka ba. Yadda ake yi shi ne, ka kama waɗanda ka samu, ka auna tsawonsu da nauyinsu, ka duba mace ce ko namiji, ka yi wa kowanne alama, ka sake shi daidai inda ka kama shi. Bayan kwanaki ka dawo ka sake kamawa, ka duba nawa ne masu alama a ciki. Misali, in ka yi wa 20 alama, ka dawo ka kama 20 ka tarar 8 daga ciki tsofaffin kamu ne, lissafi zai nuna maka duka-duka kimanin 50 ne. Aiki ne na rana da sauro da ƙaya da gajiya, wani yinin ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba, kuma wannan rashin ganin ma sai ka rubuta shi, da kwanan wata da awa nawa ka yi kana nema. Abin da ƙirgar 1995 ta bayar shi ne kimanin maciji 50. A duk faɗin duniya ke nan. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da macijin da ya fi kowanne ƙaranci a doron ƙasa.

Amma adadin ba shi ne babban abin da aka gano ba. Da yake kowane maciji sai an riƙe shi a hannu an jujjuya, sai aka lura da yawansu jikinsu duk tabo ne, wasu wutsiyarsu a gutsure. Shatin haƙoran ɓera ne. Tunku bai iso tsibirin ba, amma ɓera ya iso, yana cin ƙwan macijin, yana cizon manyan, kuma a gindin wutsiya kayan haihuwar namijin maciji suke. Ka ji fa! Mu da muka tashi da sanin maciji ne ke haɗiye ɓera, ga wuri inda ɓera ne ke cin maciji da ransa. Da daga ofis aka zauna aka yi shawara, ko daga cikin kwalekwale aka hango tsibirin, wallahi ba mai cewa ɓera ne matsalar. Sai da wani ya durƙusa ya dubi wutsiya.

A ƙarshen shekarar nan ta 1995 aka bi tsibirin lungu-lungu da maganin ɓera har aka ga bayansu. Cikin ƙasa da shekara biyu macizan suka ninka, suka haura 100. Da irin aikin nan ne na a yanke kyalle a ɗauki hoto a tafi, da nan za a tsaya a rubuta rahoton nasara. Amma masu littafi ba su daina ƙirga ba, kuma ba macizai kaɗai suke ƙirgawa ba, har da ƙadangarun da macizan ke ci. Sai suka ga macizan sun fara ramewa, adadinsu yana komawa baya, domin ɗan tsibirin ba shi da abincin da zai riƙe fiye da haka. An gwada kai wasu gidan namun dajin Jersey a Birtaniya domin su hayayyafa a killace, sun yi ƙwai har an ƙyanƙyashe, amma wani ɗan ƙwaro mai shan jinin macizai ya kama su, yawancinsu suka mutu, saboda jikinsu bai san shi ba. Wannan ma an rubuta shi ba a ɓoye ba. Dabarar da ta yi aiki ita ce a share wasu ƙananan tsibiran daga ɓera tukuna, a duba ko akwai isassun ƙadangaru, sannan a kai musu macizan. Aka kai tsibirin Rabbit a 1999, Green a 2002, York a 2008. A 2010 sun haura 500, a 2015 an ƙiyasta sun haura 1,100.

Wani zai ce, to sai me? An tara macizai dubu a wasu duwatsu cikin teku, wa ya ƙaru? Amsar tana cikin ciyawa da itatuwa. Ɓera ba ƙwai kaɗai yake ci ba, yana cin iri kafin ya tsiro, yana cin tsiron in ya fito, yana gaigayar ɓawon itace. Tsibirin da ɓera ya mamaye za ka ga tsofaffin itatuwa a tsaye amma babu 'ya'ya a ƙarƙashinsu, kamar garin da samarinsa duk suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Da aka kawar da ɓera saboda maciji, sai tsirrai suka farfaɗo, tsuntsayen teku suka dawo sheƙa, kunkurun teku ma ƙwansa ya samu sauƙi. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Redonda, wani dutsen tsibiri mallakar ƙasar ta Antiguwa da Barbuda, wanda aka taɓa haƙar kashin tsuntsaye a cikinsa ana sayarwa a matsayin taki har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu haƙa sun tafi sun bar ɓeraye, ga awaki da suka koma na daji, suka cinye wurin ƙarƙaf har ƙasa na zaftarewa cikin teku, awakin da kansu suna mutuwa da yunwa. Tsakanin 2016 da 2017 aka kashe ɓeraye kusan 6,000, aka kwashe awaki kimanin 60 da jirgi mai saukar ungulu. Kafin aikin, irin tsirran da aka ƙirga a tsibirin 17 ne, bayan 'yan shekaru aka ƙirga 88. Dutsen da ake hangowa fari fat ya koma kore, kuma a 2023 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi da tekun da ke kewaye da shi a matsayin wurin da aka kare. Ka lura, da ba a ƙirga 17 ɗin farko ba, da 88 ɗin ba ta da wata ma'ana, da sai dai a ce “ai wurin ya yi kyau,” wanda magana ce da kowane ɗan kwangila ya iya faɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka lauyan macizai ne ni. Mu tsallaka tekun Fasifik mu je Guwam, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, inda labarin ya juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kayan sojoji da ake jigila daga tsibiran yankin Niyu Gini, wani maciji mai launin ƙasa, mai hawan bishiya, mai yawon dare, Boiga irregularis, ya shigo Guwam ba tare da kowa ya sani ba. Tsuntsayen tsibirin ba su taɓa sanin maciji mai cin tsuntsu ba, ba su san su gudu ba, ba su san su ɓoye sheƙa ba. Daga kudancin tsibirin aka fara jin kurmi ya yi tsit, shirun yana tafiya arewa shekara bayan shekara. Masana suka yi ta hasashe, wasu suka ce maganin ƙwari ne, wasu suka ce wata cuta ce.

Wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, Julie Savidge, ita ce ta shiga kurmin a farkon shekarun 1980. Ta binciki gawarwakin tsuntsaye da jininsu ba ta samu cutar da za ta yi wannan kisa ba. Ta bi mutanen ƙauyuka tana tambayarsu yaushe suka fara ganin macijin a wajensu, yaushe kajinsu suka fara ɓacewa, ta zana taswira, sai ga shi duk inda maciji ya isa, bayan 'yan shekaru tsuntsaye sun ɓace. Ta rataye keji da tsuntsun salwa a ciki, inda maciji ya yawaita cikin 'yan kwanaki an cinye yawancinsu, inda bai isa ba suna nan lafiya. Ta farke cikin macizai ta ga gashin tsuntsu da ƙwai, da ɓera da jaɓa da kulɓa. Da ta gabatar da sakamakon a taron masana tsuntsaye a 1983, da yawa ba su yarda ba, domin ba a taɓa jin maciji ya share tsuntsayen tsibiri guda ba. Sai a 1987 aikin ya fito a rubuce, gardama ta kwanta, amma kafin nan aikin gama ya gama. Cikin irin tsuntsayen kurmi 12 na asalin Guwam, 10 sun ɓace daga dajin.

Abin lura a nan, ɓera da jaɓa da kulɓar da ke cikin macijin, yawancinsu su ma baƙi ne da jirage suka kawo. Su ne suka riƙe macijin da abinci bayan tsuntsaye sun ƙare, shi ya sa yunwa ba ta kashe shi ba. Baƙo ya ciyar da baƙo, ɗan gida ya tafi lahira. A wasu wuraren an ƙirga maciji kusan 100 a hekta ɗaya. Suna hawan turakun lantarki suna haɗa wayoyi, tsakanin 1978 da 1997 sun jawo ɗaukewar wuta fiye da sau 1,600, abin da ko mu da muka saba da duhu sai mun jinjina.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya sami itatuwa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kauci ba shuka shi ake yi a kan reshe ba, ya san cediyar da ta tsiro a tsagar katanga ba mutum ne ya kai ta ba, tsuntsu ne ya ci ɗa ya je ya yi kashi. To kimanin kashi 70 cikin 100 na itatuwan kurmin Guwam da tsuntsu suka dogara wajen yaɗa irinsu. Wata masaniya, Haldre Rogers, da abokan aikinta suka rataye kwanduna a ƙarƙashin itatuwa da nesa da su, a Guwam da kuma maƙwabtan tsibiran Rota da Tiniyan da Saifan inda tsuntsaye ke nan, suka yi ta ƙirga irin da ke faɗawa ciki. Aikin da yaro zai ce wasa ne. Abin da suka samu, a Guwam kusan duk irin a gindin uwar bishiya yake zubewa, inda inuwa da ƙwari da ruɓa ke kashe shi, kuma irin da bai bi ta cikin tsuntsu ba bai cika tsirowa ba. A rahotonsu na 2017, kan irin itatuwa biyu da suka bibiya, sabon tsiro ya ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin 100. Tun a 2012 sun ƙirga saƙar gizo-gizo suka tarar da damina ta ninka ta maƙwabtan tsibirai sau 40, domin babu tsuntsun da zai ci gizo-gizon. Kurmi ne kore shar in ka hango shi, amma ba kuka, ba 'ya'ya, sai yana ta ko'ina.

Yanzu duba irin maganin da ƙirga ta haifar, ka kwatanta da na tunku. An gwada magunguna iri-iri aka gano farasitamol, wannan dai da muke sha in kai na ciwo, miligiram 80 ya isa ya kashe macijin nan. An kuma lura, saɓanin yawancin macizai, shi yana cin mushe. Sai aka dinga sa ƙwayar a jikin matattun 'ya'yan ɓera, a liƙa su da ɗan kwali da zaren takarda, a sako su daga jirgi mai saukar ungulu domin su maƙale a saman itatuwa inda macijin yake, kada su faɗo ƙasa kaguwa ko wata dabba ta ci. A 2013 an sako guda 2,000 a rana ɗaya a wani sansanin sojan sama na tsibirin. Wato a Antiguwa an kashe ɓera don a ceci maciji, a Guwam ana kashe maciji da ɓera. Wanda ya riƙe doka guda ta “kashe maciji” ko ta “kada a taɓa maciji” lalle zai yi ɓarna a ɗaya daga cikin wuraren nan biyu.

Na san abin da ke ran wani mai karatu, musamman wanda ya fito daga yankin Kaltungo ko kwarin Binuwai, inda kububuwa ke sarar manomi da makiyayi a lokacin shuka da girbi. Zai ce, malam, kana ba mu labarin macijin da ba ya kisa a wata duniya, mu namu kisa yake yi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka ga gamsheƙa a ɗakin yara ka tafi neman littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta sarar maciji, a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Sai dai ko a nan ɗin ma, mai littafi ne ya ceci rai ba mai sanda ba. A shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa a Zariya sun yi ta rubuta wane maciji ne ya sari wa, a ina, me ya biyo baya, ana kawo musu mataccen macijin tare da majinyaci suna tantancewa. Irin wannan sani ne ya kai ga haɗa allurar EchiTAb da dafin macizanmu na nan, kububuwa da kasa da gamsheƙa. A Gana kuwa, lokacin da wani asibitin karkara ya koma amfani da allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-mace sun ninka sau da dama, domin kububuwar can ba ita ce ta nan ba duk da kamarsu. Labarin tunku ne ya sake dawowa, an ɗauko magani daga nesa ba a dubi ciwon ba.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa kashe ɓeraye da guba zalunci ne, rai rai ne. Ba na raina maganarsu, domin gubar nan mutuwa ce mai wuya, kuma ba ɓera kaɗai take samu ba. A 2008 da aka zuba ta a wani tsibirin Alaska da a da ake kira Tsibirin Ɓera, an tsinci gawar gaggafa 46 da ɗaruruwan tsuntsayen teku. A tsibirin Gough da ke kudancin Atlantika, inda ƙananan ɓeraye ke cin 'ya'yan manyan tsuntsayen teku da ransu a cikin sheƙa, an kashe miliyoyin fam a 2021, kafin shekarar ta fita kyamara ta ɗauko ɓera guda yana yawo, aiki ya rushe. Amma ka tambayi kanka, wa ya tsinci gaggafan nan ya ƙirga su ya faɗa wa duniya? Wa ya kafa kyamarar da ta tona asirin aikin Gough? Su dai masu littafin ne. Wanda ya saki tunku a 1872 bai bar kowa a baya yana bin sawun ɓarnarsa ba, sai da aka shekara sittin da wani abu sannan wani ya rubuta cewa macijin Antiguwa ya ƙare, kuma ko wannan ɗin bai duba da kyau ba. Kuma barin ɓera a tsibiri shi ma zaɓi ne na kisa, sai dai kisan da ba a gani, wanda ake yi da dare a cikin sheƙa. Mutum ne ya kai ɓeran, ba shi da bakin cewa a bar halitta ta yi abinta.

Abin da ya sa tsibiri ke da daɗin koyo shi ne ƙanƙantarsa. Kamar ƙwarya ce, kana ganin bakinta ta kowane gefe, in ka sa abu ko ka cire abu za ka ga abin da ya biyo baya cikin shekara biyar. A babban yanki irin namu abu ɗaya ne ke faruwa, sai dai a hankali, a warwatse, har tsoho ya ce “da can akwai kaza a dajin nan” yara su ɗauka tatsuniya ce, domin ba wanda ya rubuta nawa ne, a wace shekara. Abin takaicin shi ne irin wannan aiki shi ne na farko da ake yanke wa kuɗi a ko'ina, domin ba shi da ranar buɗewa, ba shi da allon da za a rubuta sunan mai girma a kai. Mutum ya shekara ashirin yana komawa dutse ɗaya yana auna wutsiya, me za a nuna a talabijin?

Ita Julie Savidge ba ta bar binciken macijin Guwam ba. A 2021, kusan shekara arba'in bayan taron da aka ƙi yarda da ita, ita da abokan aikinta suka fitar da wani sabon abu da suka gani a bidiyon dare. Domin kare akwatunan sheƙa, an gwada sulɓaɓɓun turakun ƙarfe da ake ganin ba macijin da zai iya hawa, sai ga macijin ya naɗe jikinsa ya yi zarge da turken, ya kama wutsiyarsa, yana turawa sama kaɗan-kaɗan kamar mai hawan giginya da igiya. Ba a taɓa sanin maciji na tafiya haka ba. Dole aka sake fasalin turakun. Tsuntsun ko'ko', wanda aka kwashe ragowarsa 21 aka killace a shekarun 1980, an sake shi a Rota da ɗan tsibirin Kokos, har a 2019 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A 2020 aka gano macijin ya tsallaka Kokos ɗin, aka koma farauta da fitila. Tsuntsun sihek kuwa an sake shi a 2024 a tsibirin Falmira, dubban kilomitoci daga gida, domin gidan nasa har yanzu ba ya zaunuwa.

A tashoshin jiragen Guwam karnuka ne ke sansana kaya kafin a ɗora, kada maciji ɗaya ya bi jirgi zuwa Hawayi. A ƙananan tsibiran Antiguwa kuwa, 'yan ƙasar masu aikin sa-kai suna shiga kwalekwale lokaci-lokaci su zaga akwatunan maganin ɓera da aka jera a bakin gaɓa, su buɗe kowanne su duba ko akwai shatin haƙori. Mace ɗaya mai ciki da ta ɓuya a kwandon abincin 'yan yawon buɗe ido ta isa ta mayar da hannun agogo 1995. Yawancin ranaku ba su samun komai, sai su rubuta kwanan wata da lambar akwati, su rubuta “babu,” su rufe su wuce na gaba.